Takarda Zuwa ga Malam Jagoran Saka Manhaja

Malam Jagora, Allah ya ƙara ilimi.

Mai wannan takarda ɗan aike ne kawai. Masu kukan su ne sababbin ɗaliban kwamfuta na makarantar Informatics da Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, da ƙannensu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021.

Kukansu guda ne. Malam ya iya koyar da ranar da komai ya tafi daidai. Ranar da baƙin allo ya yi tutsu kuwa, sai a nemi Malam a rasa.

A ɗauki yaron da ya taso daga Roni, ya saka Python a Windows. Ya bi Malam tiryan-tiryan, ya rubuta umarnin farko, allo ya ce shi bai san wani python ba. Alhali matsalar ba ta taka kara ta karya ba. A shafin farko na sakawa akwai ɗan akwatin da ake latsawa don manhajar ta shiga PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke leƙawa idan an kira sunan manhaja, kuma ba a latse yake zuwa ba. Malam bai ce uffan a kansa ba. Yaro ya goge, ya sake saukewa, data ta ƙare, ya yanke cewa shi ne daƙiƙi.

Ita kuwa 'yar Gwiwa da ke kan Ubuntu, ta kwafi umarni har da alamar dala da Malam ya liƙa a gabansa, allo ya mayar mata da "command not found". Da ta tsallake wannan, umarnin sudo ya nemi kalmar sirri. Tana bugawa, ko tauraro ɗaya bai fito ba. Haka aka tsara shi da gangan, amma wa ya gaya mata? Saura kaɗan ta kai kwamfutar wajen mai gyara.

A gaskiya allon ma yana da nasa laifin, rowar magana gadonsa ce: manhajar ed da Ken Thompson ya rubuta wa Unix, alamar tambaya kaɗai take ba wanda ya yi kuskure. Amma aikin tafinta ai na Malam ne. Ga kuma tsufa. Tun 2023 Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka hana manhajar pip zuba kaya kai tsaye cikin Python na tsarin, Malam kuwa har gobe tsohon umarnin yake rabawa.

Don Allah, a ƙarƙashin kowane umarni Malam ya nuna abin da allo zai ce idan an dace, da abin da ya saba cewa idan an kuskure, da maganinsa. Ya gaya musu cewa idan Python ta zubo dogon ƙorafi, daga layin ƙarshe ake fara karantawa. Sannan ya rubuta shekarar da aka haife shi a saman shafi.

Wassalam.