Kamun Kifin da Ba Ya Shiga Tukunya

Ni jikan masunta ne. A Argungu aka yanke mini cibiya, kuma tun ban iya ɗaure wando ba nake kallon maza suna faɗawa kogin Matan Fada da gora da homa, su fito da giwan ruwan da sai ƙarti biyu sun tallafa. Shi ya sa da dattijon da nake haya a gidansa a Bozeman, garin da karatu ya kai ni a jihar Montana ta Amurka, ya tambaye ni ko na iya kamun kifi, dariya ta kama ni. Na ce, "Baba, ai gadon gidanmu ne." Ya ce madalla, ranar Asabar sai kogin Gallatin.

Watan Afrilu ne, kuma a cewarsa babu lokacin ɓatawa. Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Mayu ruwan yana ƙasa, garau, har kana ƙirga tsakuwa. Da zarar rana ta fara narka dusar ƙanƙarar kan duwatsu, kogi ya tumbatsa ya gauraye da laka, sai kuma wajen ƙarshen Yuni.

Ina idar da sallar asuba na tsaya a bakin ƙofa da jakata, cikinta har da yaji da albasa da man gyaɗa. Dattijo bai leƙo ba sai da hantsi ya yi sosai. Wai ruwan bai wuce digiri 4 ko 5 ba, a irin wannan sanyi kifin tirawut ba ya motsi sai rana ta ɗan ɗumama shi, cinsa ya fi kyau bayan azahar. Kifi mai lokacin ofis ke nan.

Kafin in ga ruwa sai da na sayi lasisi. Sannan aka zura ni cikin wani wandon roba mai kai wa ƙirji, aka miƙo mini sandar fatsa mai tsawon ƙafa 9, siririya, da wani gwangwanin feshin barkono. Na yaba masa da ya tuna da kayan gashi. Ya ce na beyar ne, domin a wannan watan suke farkawa daga barcin hunturu da yunwa, in na ga ɗaya in fesa masa a fuska, kada in yi gudu. Ban ce komai ba, amma a raina na riga na yanke abin da zan yi.

Da na nemi tana, sai ya buɗe wani ɗan akwati cike da ƙwarin ƙarya da ya ɗaura da hannunsa daga gashin zakara da gashin barewa da zare. Kowanne da ranarsa. Akwai wani ɗan mitsitsi mai launin zaitun da ke ƙyanƙyashewa idan gari ya yi lumshi, akwai babba da suke kira sikwala, akwai kuma wanda ke cika kogi a farkon Mayu, har aka laƙaba masa sunan Ranar Iyaye Mata. Tunda mafi yawan abincin kifin a ƙarƙashin ruwa yake, da tsutsar ƙarya muka fara, an maƙala mata ɗan dalma don ta nutse, da wani ɗan ƙullutu mai iyo a sama wanda zai nutse idan an ci.

Jifan ne abin kallo. Ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa baya, a ɗan dakata ta miƙe, sannan a turo ta gaba. A fim ɗin A River Runs Through It na 1992, wanda aka ɗauki wani sashensa a wannan kogi, Brad Pitt yana yi har da murmushi. Shi dai ba a dasa masa bishiya a bayansa ba. Ni kuwa wata bishiya da babu wanda ya gayyace ta ta cafke ƙugiyata. Da muka kuɓutar da ita, iska ta juyo, ƙugiya ta tsinci hular kaina, zanna bukar sabuwa fil, ta ajiye ta a tsakiyar ruwa. Dattijo ya yi mini ta'aziyya da darasin labarin ƙasa: Gallatin zai haɗu da Madison da Jefferson a Three Forks su zama Missouri, shi kuma ya zuba a Mississippi. Ina kyautata zaton hular nan ta isa New Orleans.

Ko ka jefa daidai ma da sauran aiki. Dole tsutsar ta gangara da saurin ruwa sak, in igiya ta ja ta ko da ƙiris, kifi ya gane yaudara ce ya kau da kai. Don haka kana ta ɗaga igiyar kana kifa ta sama da inda ruwa ke tahowa. Na ce wane irin kifi ne wannan mai bincike? Ya ce tun 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, duk wanda na gani haifaffen nan ne, kuma ya sha ganin irina.

Ina cikin matsawa gaba sai ya daka mini tsawa, "Ɗana, kada ka taka nan!" Ashe wani fili ne na tsakuwa mai haske inda tirawut mai ratsin bakan gizo ke zuba ƙwai a wannan lokaci. Na yi tsalle don in ceci 'ya'yan kifi, na sauka a kan dutse mai gansakuka, dutsen ya ci amanata. Ruwan ƙanƙara ya bi ta wuyan wando ya gangara har yatsu. Na miƙe kamar salka, haƙorana suna kaɗa ganga.

Bayan azahar hadari ya rufe rana, ƙananan ƙwarin nan suka bazu a kan ruwa, kifi ya fara leƙowa yana tsince su. Dattijo ya sauya mini da ƙwaro mai iyo, ya riƙe hannuna muka jefa tare. Sai ji na yi an fizga. Sanda ta lanƙwashe, kifi ya yi sama ya dawo, na manta da sanyi, na manta da Turanci, ina ta kirari da Hausa har ya shiga koma. Ya kai tsawon damtsena, ja-ja a gefe. Na yi bisimilla na jawo jakar yaji.

Dattijon nan, ina ji ina gani, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar da tun a gida ya danne mata ƙaya, ya ce in yi murmushi, ya ɗauki hoto, ya tallafi kifin cikin ruwa har ya farfaɗo, ya buɗe hannu. Kifi ya kaɗa wutsiya ya tafi. Ya juyo yana taya ni murna! Wai a wurare da yawa doka ta yarda ka ɗauki 'yan kaɗan, amma kifi irin wannan ya fi ƙarfin a kama shi sau ɗaya. A mota ya fito da abincin rana: burodi da kifin gwangwani.

Da dare na kira Kawu na ba shi labari. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.

"Ka kama, ka riƙe da hannunka, ka saki?"

Na ce, "Kawu, ai mu ma haka ne. Ba a hana su a Matan Fada ba sai lokacin biki?"

"Kai yaro, mu muna barinsa ne ya yi ƙiba mu ci. Kada ka kuskura ka ba kowa wannan labari a gida, akwai 'yan mata a danginmu da ba su yi aure ba."

Don haka, ɗan'uwa, in karatu ko neman abinci ya kai ka Montana, wani ya gayyace ka kogi a watan Afrilu, ka je, wurin yana da kyau ƙwarai. Amma ka ci ka ƙoshi tun a gida, ka ɗauki wandon canji, kuma ka bar hularka mai tsada a akwati.