Mu da Karatun Aro

Mu dai a unguwar nan ba ma sayen littafin labari, amma babu wanda bai karanta ba. Ka zaga majalisar ƙofar gidan mai unguwa kaf, da wuya ka sami wanda zai dafa ƙirji ya ce da kuɗinsa ya sayi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Amma kuskura ka ce Sumayya ta yi wauta da ta faɗa rijiya saboda Muhammad, yanzu a yo maka ca, har da masu furfura.

Aron namu kuwa da ƙa'idarsa. Mai ba ka zai rage murya ya ce, "Don girman Allah kar ka ba kowa, gobe da safe zan karɓa." Shi ma haka aka faɗa masa jiya. Kafin littafi ya gama layi ɗaya bangonsa ya tafi, an yi masa sabo da takardar buhun siminti. Shafin farko ya sha manja, ga sunaye jere a kai, kowane mai suna ya soke na gabansa. Shafin ƙarshe kuwa sai addu'a, domin wata ta riga ta kunna risho da shi. Shi ya sa akwai littattafan da ƙarshensu iri biyu ne a unguwar nan: mutanen layin masallaci sun ce an yi auren, na layin famfo sun rantse yarinyar mutuwa ta yi.

Su ma marubutan soyayya sun karanci halinmu, sai suka riƙa raba labari kashi-kashi. Ana tsakiyar ɗaurin aure, wani ya ɗaga hannu ya ce a dakata, kana juya shafi ka tarar an ce sai a littafi na biyu. Daga nan aiki ya sami yara.

"Salamu alaikum, wai in ji Anti, in kin gama da na biyu ki bayar."

"Ce mata yana wajen amaryar gidan Alhaji."

"Daga can nake, Gwaggo. Ta ce na uku ne a hannunta."

In an rasa, sai shagon mai haya. Shi yana da tsohon littafin rubutu da yake jera sunayen masu ɗauka, ya kuma fi kowa sanin gidan da ake ƙwaƙular kuɗin cefane. Ranar da miya ta zo da ƙarancin daddawa, maigida ya duba ƙarƙashin filo, zai ga inda daddawar ta tafi.

Samari kan ce wannan karatun mata ne, su sai littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, inda sadauki ɗaya ke tarwatsa runduna da sara guda, ko na Nazir Adam Salih. To, mun ji. Sai dai a gaya mana wanda ya kai Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa ƙarƙashin katifar ɗakin soro, ya kuma naɗe kunnen shafi daidai wajen da ake zuba kalaman soyayya.

Dattawanmu ma ba a bar su a baya ba, iyaka su sun fi mu iya ɗaure fuska. Baba zai gyara zama ya ce, "Mu a zamaninmu littafin ilimi muka karanta." Ka ce, "Wanne, Baba?" Sai ka ji ya ɗauko Malam Zurƙe da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, wanda ya fito tun 1934, yana ba da labari yana share hawayen dariya. Daga nan ya gangaro Magana Jari Ce da akun da ke tsare ɗan sarki da labari har gari ya waye, ya biyo da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ai duk waɗannan a benci na makaranta ya same su yana yaro. Har labarin tafiya sararin samaniya sun sha: a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Kilba ya yi sama da shi.

Na hotuna kuwa su ne suka fi raha. Yayyenmu na ƙarshen shekarun 1960 ba za su manta mujallar African Film ba, mai Lance Spearman da hularsa da sigarinsa, yana narkar mutanen Rabon Zollo. Hotunan mutane ne na gaske, an rubuta maganarsu da Turanci a saman kai. Wanda bai je makaranta ba ya bi hotuna ya gane komai. In kuma an sami ɗan aji biyu a sakandare, shi ne tafinta: a kewaye shi a kan dakali, Spearman ya faɗi kalma uku, shi ya fassara ta da zance mai tsawo har da ashar. Ikebe Super ta Wale Adenuga mai Papa Ajasco da sanƙonsa, ita kam a tsakiyar littafin lissafi ake ɓoye ta, don zanenta bai dace da idon manya ba.

An sha yi mana faɗa. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a wata makarantar 'yan mata a Kano. Karatun bai tsaya ba, wuri kawai ya sauya. Yanzu labarin yana cikin waya: mata na bi a WhatsApp da Wattpad, mai aikin girki ta kunna a YouTube ana karanta mata tana tuƙa tuwo. Yara maza kuma sun koma zanen Japan, su Naruto. Rannan Baba ya leƙa wayar jikansa, ya ga ana bin hotunan daga dama zuwa hagu, ya gyaɗa kai ya ce, "To, alhamdu lillahi, ko ba komai sun bi hanyar ajami."

Abin da bai sauya ba shi ne halinmu. Marubuciya ta saki shafuka kyauta, da labari ya yi daɗi ta ce daga nan sai an biya, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ta yafe wa wanda ya fitar mata da littafi ba. Mace ɗaya ta tura kuɗi, kafin la'asar ya shiga wayar kowa, kowacce kuma da gargaɗinta: "Ke kaɗai na turo wa."

A da ko banza littafi kan yage, dole wani ya sake saye. Na waya ba ya yagewa, ba ya shan manja, don haka mai shi sau ɗaya za ta ga kuɗinsa. Mu ne kuma kan gaba wajen tsegumi in ta yi wata biyu ba ta ci gaba ba, wai ta cika jan rai. Ita ma fa cefane take yi, ga kuɗin data, ga cajin waya. Duk wadda ta matsu ta ji ko an fasa auren nan, ta daure ta tura ɗan abin da aka yanka.