Ranar da Hulk ya tara mini jama'a a Unguwar Sarki

Ɗan yayata ne ya jefa ni a wannan rigima. Ya zo hutu daga Zariya, muna shan iska a ƙofar gida bayan la'asar, sai ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi abin da Turawa ke saye da dala."

Wani ɗan mutum-mutumin roba ne, launi ɗaya tal, ko ƙwayar ido ba a ɗiga masa ba. Wai kamfanin Marx na Amurka ne ya ƙera su a 1967, su shida: Spider-Man, Hulk, Thor, Iron Man, Captain America da Daredevil, kowanne tsawon inci shida. Masu tara kayan da suna nemansu ruwa a jallo, kuma da tambarin ƙarƙashin ƙafa ake gane na asali. Yaron ya ci gaba da bayani, amma ni tun daga "dala" kunnena ya toshe.

Ranar Asabar na hau Keke sai Kasuwar Barci a Tudun Wada, wajen masu fasa dilar gwanjo. Ga ni da furfurata da babbar riga, tsugune cikin tarin 'yan tsana masu hannu ɗaya da motocin da ba taya, ina ɗaga ƙafar kowane jarumi ina leƙawa kamar mai cinikin doki. Mai kayan ya ce, "Alhaji, na yara nawa za a ware?" Na ce na jikoki ne. Allah ya yafe mini, ko 'yar fari ban aurar ba. Tabarau kuma na baro shi a gida, don haka duk wanda yatsana ya ji rubutu a tafin ƙafarsa sai cikin leda. Goma sha huɗu na kwaso.

A hanyar dawowa dabara ta faɗo mini. Gida ma in za a sayar sai an yi masa fenti. In har tsirararsu na kawo dala, ina ga an yi musu kwalliya? Akwai ragowar koren fentin mai da aka shafa wa get, na ƙaro ja da shuɗi, na ari tsohon buroshin haƙori. Bayan isha'i na baje a tsakar gida. Uwargida ta tsaya a kaina da fitila.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Jari ne."

Ta ɗauki wani Superman da yatsu biyu ta juya shi. "Jarin ne ya ɗora kamfai a kan wando?"

Ban tanka ba. Na lafta wa kowa rabonsa, na jera su a kan katanga don iskar hunturu ta busar da su, na kwanta ina lissafin canji.

Da na dawo sallar asuba daga Masallacin Sultan Bello, na ɗan tsaya wajen mai shayi har gari ya waye. Ina shawo kwana na hango taro a ƙofar gidana. Gabana ya faɗi, na zaci gobara ce. Ina ma ita ce. Jaruman nan goma sha huɗu suna tsaye a sahu, duk sun zuba wa gidan maƙwabcina ido. Jan fenti ya tsiyayo jikin katanga layi-layi. Ƙura ta lulluɓe su, iska kuma ta kwaso gashin kajin uwargida ta manna musu, har Thor ya samu guda a kan gudumarsa. Maƙwabcin nan kuwa wata uku muna 'yar tsama da shi a kan kwata.

Ya dube ni, muryarsa na rawa: "Haba Malam! A kan kwata?"

Kafin in buɗe baki, wani dattijo ya naɗe hannu da hankici ya sauko da Hulk, ya kifa shi, ya ƙura ido ya karanto harafi-harafi: "M, C, M, L, X, V, I, I." Ya girgiza kai. "Wannan ba Turanci ba ne, ba kuma ajami ba. Hatimi ne." Jama'a suka ja da baya ana ta a'uzubillahi.

Allah ya fito da ɗan yayata yana mutsuttsuke ido. Ya karɓa ya ce lambobin Rumawa ne: M dubu, CM ɗari tara, LX sittin, VII bakwai, wato 1967. Ban san lokacin da na daka tsalle ba: "Alhamdulillahi, na asali ne! Aiki ya yi!" Wannan kalma ta ƙarshe sai da ta ci mini rabin sa'a ina rantse-rantse.

Bayan an watse yaron ya ja ni gefe. "Kawu, wa ya shafa masa fenti?" Na buga ƙirji. Ya dafe kai. Ashe abin da ban saurara ba ke nan ran nan: masu sayen sun fi son abin yadda ya fito daga kamfani, fentin get kuwa kashe masa daraja yake yi. Sauran sha ukun duk 'yan Sin ne. Na ce ai da sauƙi, na ɗauko kananzir da samfefa na hau gurza. Garin neman gira aka rasa ido: fenti ya fita, hancin Hulk ya bi shi.

Da kuɗina na sake fentin katanga, da kuɗina na gyara kwatar don a zauna lafiya. Yaran layinmu sun raɗa mini Baban Hulk, har mai Keke in an ce masa haka ya san inda zai tsaya. Shi kuwa gogan, yana nan yana tokare wa uwargida ƙofar kicin, kuma ta ce a duk jarin da na taɓa zubawa shi kaɗai ne ya yi amfani.

In ɗanka ko ɗan 'yar'uwarka ya fara maka bayanin dala, ka daure ka saurara har ƙarshe kafin ka buɗe gwangwanin fenti.