Yadda Ake Cefanen Gwamnati: Farashin Kaya a Kasuwar Lima

Har yanzu akwai masu zaton sai da tankar yaƙi ake kwantar da dimokuraɗiyya. Wannan tsohon yayi ne: ga tsada, ga hayaniya, ga maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Alberto Fujimori, wanda ya mulki ƙasar Peru daga 1990 zuwa 2000, ya gwada hanyar sau ɗaya. Ranar 5 ga Afrilu, 1992, ya tura soja suka garƙame majalisa, ya jingine tsarin mulki. Ƙasashen waje suka yi ta ƙorafi, har sai da ya kawo sabon tsarin mulki a 1993. Daga nan ya gane cewa gidan da ake sayarwa babu dalilin fasa ƙofarsa.

Mai cefanen gidan shi ne Vladimiro Montesinos, tsohon kyaftin ɗin soja da aka sallama, kuma lauya. A takarda mai ba da shawara ne kawai a hukumar leƙen asiri da ake kira SIN, amma makullin yana aljihunsa. Mutum ne mai tsari ƙwarai. In ya ba ka na goro, sai ya miƙo maka rasit ka sa hannu, ga kuma kyamara a ɓoye tana ɗaukar ku kuna ƙirga. Albarkacin wannan riƙon amana nasa ne wasu masana tattalin arziki biyu, John McMillan da Pablo Zoido, suka iya fitar da cikakken jerin farashin a 2004, don amfanin masu sha'awar shiga harkar.

Alƙali shi ne kaya mafi rahusa. Da dala 5,000 zuwa 10,000 a wata ana samun mai kyau, har na babbar kotu. Ba ya lalacewa da wuri, kuma ba kullum ake buƙatarsa ba. Ajiye shi ake yi kamar laima. Ɗan majalisa ya ɗan ɗara shi tsada, musamman ɗan adawa, domin shi sai an haɗa masa da kuɗin sauya sheƙa. Lissafinsa ma ba wuya: kujerun majalisar 120 ne, a zaɓen 2000 jama'a suka ba jam'iyyar Fujimori 52. Ragowar da jama'a suka manta ba su bayar ba, a kasuwa aka ciko.

Inda aljihu yake jin jiki shi ne wajen talabijin. Abin da mai gidan talabijin ɗaya yake karɓa ya ninka na ɗan siyasa kusan sau ɗari. Akwai tashar da ake kai wa masu ita dala miliyan ɗaya da rabi duk wata, a jera ƙullin kuɗi bisa tebur kamar tubalin gini. Su kuma sun sa hannu a yarjejeniya cewa Montesinos zai riƙa duba labarai kafin su fita. Wato dai edita ne da yake biyan ma'aikata maimakon a biya shi, abin da ba a cika samu ba a aikin jarida.

Mai karatu zai ce, me ya sa akwatin hoto ya fi alƙali mai hular gashi daraja? Dalilin na kasuwanci ne zalla. A majalisa rabi da ɗaya kake nema. In wannan ya ƙi sayarwa, ka matsa rumfa ta gaba. A kotu ma haka, sai ka san teburin da za a kai shari'ar. Amma talabijin dole ka kwashe kasuwar kaf, domin tasha ɗaya da ta rage ta isa ta gaya wa gari abin da ka saya jiya. Kowane mai tasha ya san haka, shi ya sa ba ya karɓar tayi. Sannan alƙalin da aka saya da ɗan majalisar da aka saya duk sun dogara ne ga shirun mai tashar. Shi ne murfin tukunyar, kuma murfin nan ya fi tukunyar tsada.

Jaridu ba su kai nan ba, tunda masu karanta su kaɗan ne. An dai ware wani abu ga ƙananan jaridun kwabo-kwabo da ake kira chicha, masu manyan haruffa da launi mai kashe ido. Aikinsu zagin 'yan adawa, irin su Alberto Andrade, magajin garin Lima. Ba sai an saya ba. A rataye suke a rumfar mai jarida, kowa ya karanta kanun kyauta a hanyarsa ta zuwa aiki.

A kowace kasuwa akan ci karo da kayan da mai shi ya ce ba na sayarwa ba ne. Wannan ma akwai tsarinsa. A 1996 majalisa ta yi dokar da ta bayyana cewa wa'adin Fujimori na farko ba ya cikin lissafi, tunda a ƙarƙashin tsohon tsarin mulki aka yi shi. Saboda haka tazarce karo na uku, in an duba da kyau, karo na biyu ne. Alƙalai uku na kotun tsarin mulki suka kasa fahimtar wannan ilimin lissafi, sai majalisa ta sauke su a 1997 domin su samu lokacin nazari. A shekarar ce kuma tashar Baruch Ivcher ta fara ba da labarin azabtarwa da na dukiyar Montesinos. Ba a rufe tashar ba, wa zai yi wannan ɗanyen aiki? An dai tuna cewa a Isra'ila aka haifi Ivcher, aka soke takardarsa ta zama ɗan ƙasa, doka kuwa ta hana baƙo mallakar talabijin. Kowane mataki da hatiminsa.

Kuskure ɗaya aka yi, shi ma na tsimi ne. Akwai wata 'yar tasha, Canal N, wadda sai mai biyan kuɗin wata yake kamawa, masu kallonta ba su taka kara sun karya ba. Ita ba ta shiga kwandon cefanen ba. Ranar 14 ga Satumba, 2000, 'yan adawa suka fito da kaset ɗaya daga ma'ajiyar Montesinos, tashar ta haska shi: ga ɗan majalisa Alberto Kouri a kan kujera, ga Montesinos yana miƙa masa dala 15,000. Kouri ya yi bayani cewa rance ne, zai sayi motar raba wa talakawa kifi. Tashar ta yi ta maimaita kaset ɗin don kowa ya ga motar, ba wanda ya gan ta.

Bayan kwana biyu Fujimori ya sanar da sabon zaɓe da ba zai tsaya ba. Daga baya ya fito da kansa da jerin gwanon motoci yana neman Montesinos lungu-lungu, 'yan jarida na biye. Ba a same shi ba sai a Yunin 2001, a Venezuela. Shi kuwa shugaban, a watan Nuwamba ya tafi taro Brunei, ya zarce Japan, ya turo takardar murabus ta na'urar faks. Majalisar, wadda aka kashe kuɗi mai yawa wajen gyara ta, ta ƙi karɓar takardar. Ta tsige shi da hujjar cewa halinsa bai dace da kujerar ba.