Kafaɗa Ba Ta San Jarumta Ba

Na san ku, 'yan "ai ɗan targaɗe ne". An ɗaga yaro a wasan judo, ya tokare ƙasa da hannu don kada gadon bayansa ya taɓa katifa a ba abokin karawarsa nasara, kafaɗa ta goce. Kafin ya gama salati kun iso: a ja hannun kawai, a murza man zafi, jibi ya dawo fili. Sannunku da aiki, likitocin bakin fili!

To ku matso. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a gurbi marar zurfi, guringuntsi da jijiyoyi ke riƙe da shi. In ya fice, sau da yawa sai ya yaga su. Mayar da shi aikin 'yan mintoci ne, amma abin da ya yage bai san an mayar ba. Shi ya sa matashin da ya yi gaggawa, kafaɗarsa kan gane hanya: yau ta fita a fili, gobe wurin sa riga, wani ma yana miƙa a kan gado. Fizgar nan taku kuwa, idan ƙashi ya tsage a ciki, kun ƙara masa ne. A ɗauki hoto tukuna.

Na ji wani can baya yana cewa namiji ba ya raki. Madalla. A 1951, a filin Marakana na Barazil, Masahiko Kimura na Japan ya murɗe hannun Helio Gracie, shi kuwa ya ƙi miƙa wuya. Hannun ya karye, ɗan'uwansa ne ya jefa tawul aka tsayar da wasa. Helio ya sha yabo, amma Kimura ne ya ci.

Jinyar ba ta da armashi, shi ya sa kuka tsane ta: ƙanƙara a kwanakin farko, rataye hannu na ɗan lokaci, sannan watanni wurin masu gashin ƙashi ana jan robar motsa jiki. In an yi tiyata, sai kamar wata 6 kafin a sake kama wani.

Ku 'yan kokawa da ke dariya, yashin filinku ma bai hana kafaɗa gocewa ba. Duk wanda ya ƙi ji, ya nemi wanda zai riƙa sa masa riga.