Masu Sauraron Kukuma a Cikin Gari

Kukuma ƙanwar goge ce: 'yar ƙwarya da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, kalangu na rufa mata baya. Ibrahim Na Habu ya fito da ita fili, Garba Supa kuma ya sa ta zama abar nema a bukukuwan Kano. Makaɗinta, kamar mai jitar jaz a Amurka, yakan ajiye amshi ya shiga daji da tsirkiya, ya daɗe yana yawo kafin ya dawo gida. A lokacin wannan yawon ne ake gane ire-iren mutanen da suka cika ƙofar gidan biki a Yakasai ko Mandawari.

Wanda ido ke fara gani shi ne mai liƙi. Tun da rana ya canjo sababbin takardu, 'yan hamsin-hamsin, don su yi auki. Ba ya motsi sai sanƙira ya ambaci sunan kakansa. Daga nan sai ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga, ya riƙa manna wa makaɗi takarda ɗaya-ɗaya a goshi, yana waiwaye ko abokin hamayyarsa na kallo. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ga mai watsa kuɗi a wurin biki. Ya san da ita sarai, yana dai ganin don wasu aka yi ta. Da za a tambaye shi wane take aka kaɗa, sai ya yi zuru.

Kusa da shi akwai masani. A wurinsa kiɗa ya mutu tun 1999, ranar da aka binne Mamman Shata. Duk abin da makaɗin yau ya yi, wani ya riga shi, kuma ya fi shi. "Yaro, ai ba ka ga komai ba," in ji shi ga duk wanda tsautsayi ya zaunar a gefensa. Shi ne ƙarshen tashi.

Mai waya bai ga wasan ba. Wayarsa ce ta gani, ita ma ƙeyar mutane ta ɗauko.

Akwai kuma mai wucewa, wanda ya fi kowa ban sha'awa. Shi bai zo kallo ba, Allah ya kiyaye, hanya ce ta biyo da shi. Yakan tsaya can wajen mai shayi, fuska a murtuke, carbi a hannu, yana tir da zamani. Sa'a biyu yana wucewa. Sama dai ba ta motsi, amma babban ɗan yatsan ƙafarsa na bin kalangu cikin takalmi, bai taɓa kuskure bugu ɗaya ba.

Mata na cikin soro ba a ganinsu, sai dai guɗa, kuma guɗarsu na faɗowa daidai inda ya kamata.

Can ƙarshen tabarma akwai wani dattijo da ba ya liƙi, ba ya sharhi. Idonsa a lumshe, har a ɗauka gyangyaɗi yake. Sai tsirkiya ta kai wata gaɓa mai wuya ta sauka lafiya, ya girgiza kai ya ce "uhm". Makaɗa sun san irinsa, kuma wajensa suke satar kallo in sun yi kuskure.