Yadda Ake Zana Ɗan Sandan Ciki a Dei-Dei

Duk mai son farfaɗo da littattafan zane irin na da, masu ɓarawo da bincike da ban dariya, kada ya wahalar da kansa wajen ƙirƙiro gari. Ya shiga mota daga Zuba ko Kubwa, ya sauka a Dei-Dei da fensir da takarda. Ga kasuwar kayan gini, ga 'yan katako, ga kara, ga kuma barikin 'yan sanda a kusa ko da labarin zai fi ƙarfinsa.

To, malam mai zane, fara da jarumi. Dattawan da suka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1960 za su ce ka yi shi kamar Lance Spearman na mujallar African Film, mai kwat da malafa da sigari a baki. Ka ce musu "Allah ya ƙara girma, Baba", amma kada ka ɗauka. Da farko dai shi Spear hotonsa ake ɗauka, ba zana shi ake yi ba. Sannan wanda ya ɗaura kwat a Dei-Dei cikin watan Maris, kafin ya kama ɓarawo zufa ta gama da shi. Naka jarumin ba shi 'yar shara, da hular da ta sha rana, da babur Boxer da ba ya tashi sai an tura.

Zai buƙaci abokin yawo. Tintin, wanda Hergé ya fara zanawa a Beljiyam a 1929, da farin kare yake zaga duniya. Naka in ya doshi zauren mutane da kare, a shafi na uku za a kore shi. Haɗa shi da bunsuru: ga wari, ga taurin kai, kuma zai cinye rasit daidai lokacin da ake nemansa a matsayin shaida, ka samu ƙarin shafi goma a ɓagas.

Laifin kuma kada ya kai ga jini. Saura kwana biyu Babbar Sallah, wani alhaji ya biya kuɗin rago, aka shafa masa jan fenti a gadon baya, ya tafi neman motar ɗauka. Ya dawo ya tarar da raguna bakwai masu jan fenti, kowanne da mai shi tsaye yana rantsuwa, dillali kuwa ya tafi sallah tun ɗazu bai sallame ba. Nan za ka nuna gwanintar hannunka. Zana fuskar alhajin ta cika shafi guda, hula ta karkace, carbi ya tsaya cak a yatsa, ragon da ke bayansa yana tuƙa abinsa. In kana son littafi na biyu, akwai sirrin rodi mai lamba 12 da ya rame a hanya ya isa wurin gini yana 10.

Babbar matsalarka ita ce mai shayi. Ya san wanda ya kwance ragon, da wanda ya riƙe igiya, da nawa aka raba. Muddin yana wurin, bincike ba zai wuce kofi ɗaya ba. Tura shi ƙauye ɗaurin aure tun a shafin farko.

Tsere kuma a hankali ake yinsa a nan. Ɓarawo na cikin Keke Napep, jarumi na bayansa, tirelar siminti ta gitta a tsakani, shafi huɗu ba wanda ya motsa, har mai ruwan leda ya sayar wa kowannensu. Sa'ad da aka faɗi, rubuta RIGIJIB da manyan baƙaƙe. Mari kuwa TAU ya ishe shi. Kada ka yi rowar jan launi, don ƙurar hunturu ba ta barin farar riga. In shafi ya yi fili, sa Dutsen Zuma can nesa, ba wanda zai zo da awo.

Idan ka buga, buga kaɗan. Mutum ɗaya zai saya, layin shaguna guda ya karanta. Ka karɓi kuɗinka kafin ka saki littafin.